Shekarar da Anka Wanke Masaki

Da sunan Allah nika farawa, Shi da Ya ba ni yawan rai har na ga jikokin jikokin maƙwabta. Ni karatuna bai wuce na salla ba. Baki nawa ne, hannun da ke rubutu na surukata ne, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana. Ku 'ya'yana da jikokina, ku matso ku ji. Shekara uku ke nan ina jin kuna faɗi, a bayan idona, wani lokaci ma a gabansa, wai jikata Nana ce ta kashe mini sana'a. Kun faɗa ranar suna, kun faɗa ranar Salla, har yaran da ba su san warin kalwa ba sun ɗauka suna maimaitawa. To yau zan ajiye maganar yadda take, kada in kwanta dama a bar yarinya da kayan da ba nata ba.

Ni 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ni Tambuwal, shi ya sa ake ce mini Ta-Kebbe. Ranar da za a kawo ni, uwata ta kira ni ƙuryar ɗaki ta miƙo mini masaki, babbar ƙwaryar nan da ake kwantar da kalwa a ciki har ta zama daddawa. Biyu gare ta, ta ba ni ɗaya, ta ajiye wa ƙanwata Hajo ɗaya. Cikinsa baƙi ƙirin ne, da maiƙo, yana ƙyalli. Ta ce mini ba a wanke shi, ko da ruwan sanyi. In an kwashe daddawa sai a shafe shi da ganye a kife. Ta ce kuma ba a zancensa, miƙa shi ake yi. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Yana da rai," ta tashi ta bar ni. Shekara hamsin da 'yan kai ina aiki da shi. A dafa kalwa yini guda, a surfa ta a turmi, a wanke, a sake dafawa, a tsane ta, a juye a masaki da zafinta, a rufe da ganye da tsumma a kai ɗaki. Nan za ta yi kwana biyu ko uku tana zazzaɓi, in zazzaɓin ya sauka a buɗe, a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Daga nan har Dogon Daji, mace in tana son miyarta ta yi magana, ƙofata take aiko yaro.

Uwar Nana ɗiyata ce, tana aure Sakkwato. Can anka haifi Nana, can ta girma, ba ta zuwa mana sai da Salla. Da anka ce mini ta shiga jami'a tana karatun girki da karɓar baƙi, na yi dariya har na ƙware, na ce ashe duniya ta kai inda sai an biya wa mace kuɗin makaranta kafin ta san a ce wa baƙo sannu da zuwa. A shekararta ta ƙarshe, cikin bazara, ɗorawa ta nuna, sai ga ta da rana tsaka da ƙawayenta uku, su fuɗu ke nan, kowace da jaka da farar riga ta ɗaurawa a gaba.

"Kaka, wurinki munka zo karatu."

"Wurina? Mi anka rasa can jami'ar?"

"Malamarmu ta ce bana babu jarrabawar takarda. Kowace ƙungiya ta zaɓi abincin gida da ke neman ɓacewa, ta je ta zauna da masu yin shi, ta yi da hannunta daga fari har ƙarshe. Sannan mu shirya rana guda, mu gayyato baƙi su zo su gani, su ci. Abin da sunka gani sunka ci, shi ne makinmu."

"In bai yi ba fa?"

"Sai baɗi, Kaka. Ƙawayena su fita su bar ni, ko mu zauna duka."

Wata doguwa a cikinsu, Rifkatu, 'yar Zuru, mai bakin da ba ya gajiya, ta durƙusa ta ce, "Inna, mun ji an ce warin gidanki ake bi a gane hanya, ba mu ko tambayi kowa ba daga tasha." Na ce mata wanda ya bi wari ya zo, ƙanshi zai mayar da shi gida. Nan take na ji yaran sun kwanta mini a rai.

Washegari sunka zaunar da ni a tabarma, sunka ajiye waya a gabana tana ɗaukar magana, ɗaya na rubutu. Ban taɓa ganin tambaya irin tasu ba. Wane itace kike hura wuta da shi? Don me kike sa yashi a turmi? Yaya kike gane kalwa ta dahu? Abubuwan da hannuna ke yi tun ban haihu ba, sai ga su suna fitowa ta bakina ɗaya bayan ɗaya, ni kaina ina mamakin ashe na san su. Na faɗa musu komai. Masaki ne kawai ban ambata ba. Da za mu tashi Nana ta dube ni ta ce:

"Kaka, a cikin kayan aikinki akwai abin da ba mu taɓawa?"

Na ce, "Babu."

Ku riƙe wannan kalma, don a nan maganar take. Zan iya cewa umarnin uwata na bi, kuma akwai wannan. Amma gaskiya ba ta da ƙanwa: na ga wayar nan ta haɗiye aikin shekara hamsin cikin hantsi guda, sai zuciyata ta ce mini in rage wani abu da ba za su tafi da shi a jaka ba.

Ranar da sunka ɗora kalwa a wuta, ni na tafi suna Dogon Daji. Na dawo bayan la'asar na tarar da tsakar gida kamar asibiti. An wanke turmi, an wanke tukwane, an wanke kwanduna an jera. A makarantarsu haka anka hore su, ba a taɓa abinci sai kowane mazubi ya fita tas, kuma malamai za su duba wannan. Can a kan dangar sai na hangi wata ƙwarya fara sol tana shan rana. Sai da na matsa na gane ta da ɗinkin da ke bakinta. Nana ta taho da gudu tana nuna mini yatsunta da sunka yi ja.

"Kaka, kin ga masakinki? Sau uku na tafasa ruwa, da sabulu da soson ƙarfe. Wallahi na ɗauka ba ya fita!"

Na zauna a kan turmi, na ce mata sannu da aiki. Ko a nan ban yi magana ba. Na bar su sunka juye kalwa a ciki, sunka rufe, Rifkatu ta soka wani tsinke mai auna zafi ta gefen tsumma, safe da yamma tana dubawa tana rubutawa. Ni ko na sa bayan hannuna a kan rufin sau ɗaya, na ji shiru. Zafin tukunya ya huce, na zazzaɓi bai tashi ba. Kwana na uku da anka buɗe, ƙudaje sunka riga mu. Ta yi tsami, ta yi wani yauƙi na banza, warin da ya fito ba na daddawa ba ne, na mushe ne.

Garba, ɗana, kawun Nana, ya dawo daga sakatariya ya tarar da mu tsaye a kai. Shi tun yana ƙarami ya sha bulala a kan masakin nan, ya san ba a taɓa shi ko bai san dalili ba. Da ya ga farin cikinsa sai ya ɗora hannu a ka.

"Ke Nana! Wa ya aike ki? Abin da kakarmu ta bari, ke da bokonki kin zo kin kankare? Ku tattara farin tsummanku ku koma inda kunka fito, gobe da safe!"

Nana ta dube ni. Tana jiran in ce ta tambaye ni. Na sunkuyar da kai. Wannan shi ne karo na uku, kuma shi ya fi yi mini nauyi har yau.

Ba su tafi ba, don Rifkatu ta kira malamarsu, ita kuma ta ce kada a zubar da komai, tana zuwa. Da hantsi ta iso, mace mai kamar shekara arba'in, gajera, ba ta da hayaniya. Na shirya jin faɗa, don ni a sanina in almajira ta ɓata aiki a ɓoye shi ake yi kafin malam ya gani. Sai na ga matar nan ta tsuguna gaban ruɓaɓɓiyar kalwa, ta shinshina, ta sa yatsa ta murza, ta karɓi littafin Rifkatu tana dubawa kamar mai karanta wasiƙar albishir.

"Madalla," in ji ta. "Ku rubuta shi duka, da warin, da launin, da ranar. Wannan shafi ya fi wanda komai ya tafi daidai tsada. Yanzu ku gaya mini, me kuka yi wanda Inna ba ta yi?"

Sunka yi ta lissafi, itace, ruwa, ganye, ba su kai ga masaki ba. Sai ta juyo, ta matso ta durƙusa a gabana, ita da ake tashi tsaye in ta shiga aji.

"Inna, ni littafi na sani, ke kin san kalwa. Me muka kashe?"

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. A gaban Garba, a gaban 'yar Zuru, a gaban wayar da ke ɗauka, na faɗi abin da uwata ta ce ba a faɗa. Na faɗi kuma cewa Nana ta tambaye ni na ce babu. Garba ya juya ya fita, ina jin bai tsaya ya ji wannan na ƙarshen ba, ko ya ji bai so ya riƙe ba.

Malama ta ce, "Mahaifiyarki ta yi gaskiya, yana da rai." Ta ce a cikin maiƙon nan da tsagogin ƙwarya akwai wasu halittu da ido ba ya iya gani, dubunsu ba su cika bakin allura ba. Su ke cin kalwa su juya ta daddawa, zazzaɓin da nika ji da hannu zafin aikinsu ne. In an kwashe, sai su kwanta a jikin masaki su jira wata kalwar. Ta latsa wayarta ta nuna mini hoton irinsu da anka ɗauka da wata na'ura mai ƙara girman abu. Na kawo fuskata kusa. Wasu 'yan sanduna ne kamar gutsattsarin tsintsiya, birjik, wasu a jere kamar shanu za su mashaya. Na ce Subhanallahi, na sake cewa. Shekara hamsin ina ciyar da garke, ina rufa shi in sanyi ya yi, ina jin lafiyarsa da bayan hannu, ashe ni makiyayiya ce ban sani ba. Kuma garken nan na uwata ne, ita ma na uwarta ne, tun matan da ba wanda ya riƙe sunansu. Uwata da ba ta taɓa ganin allon boko ba ta faɗa mini da kalma uku, ga shi wata ta zo daga jami'a da hoto tana ba ta gaskiya.

Rifkatu ce ta katse mini tunani. "To Inna, in garke ya mutu, ba a samun iri wurin maƙwabta?"

Sai na tuna Hajo.

Saura kwana tara baƙi su zo. Da asuba munka shiga mota ni da Nana, inda mota ta gaza munka hau babur, hanyar Kebbe ta girgiza mini duk ƙashin da Allah Ya ba ni. Mun sayi sabon masaki a kasuwa munka riƙa. Hajo na zaune a inuwa tana tsince kalwa. Ta ji labari daga fari har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba, sannan ta yi dariya mai cin rai irin ta ƙanne.

"Yaya, ke da kika cewa tawa daddawa ta 'yan koyo ce? Yau ga ki ƙofata da ƙwarya fara awa amarya."

"Na ji. Ki yi dariyarki ki gama, ki shafa mini."

Dariyar ta ɗauke. "Wagga kam ba ni iyawa. Kin san abin da Inna tac ce. So guda aka ba mace. Wadda nata ya mutu a hannunta, ta gama."

Na sani. Tun a kan babur na sani, na dai yi fatan ta manta.

"Amma ana ba sabon hannu," in ji Hajo, tana duban Nana. "In na shafa, na yarinyag ga ne. Ke ba ki taɓa shi, ba ki kwantar da kalwa cikinai, kuma ranar buɗi ba ki ce mata yanzu ko an jima. Hannu shi ka koyon wannan da kainai. Kin yarda?"

Nana ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta so, a bar makin, ta maimaita shekarar. Hajo ta ce ko ta maimaita shekara goma nawa dai ba ya dawowa. Na zauna ina kallon tafin hannuna. Ina iya tashi in koma Tambuwal in sayi ƙwarya in yi ta gwadawa, wataƙila wata rana wani abu ya kama, in ci gaba da amsa sunana ko da daddawar ba ta gidanmu ba ce. Ko kuma garken uwata ya shiga Tambuwal a hannun yarinyar da na bari anka zaga a gabana. Na ɗauki sabon masakin na ɗora a cinyar Nana.

Da safe Hajo ta buɗe tata daddawar da ta nuna, ta ɗebi cikin hannu tun da ɗuminta, ta kama hannun Nana ta sa a ƙarƙashin nata, sunka shafe cikin masakin tare, tana bismilla. Nana ta rungume shi a kan babur har gida kamar jinjiri.

Ranar baƙi ban taɓa ganin irinta a gidan nan ba. Yaran sun share ƙofar gida, sun shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, sun raba aiki: mai tarba, mai ruwan wanke hannu, mai bayani. Sun jera komai yadda baƙo zai bi da ƙafarsa, daga ɗorawa cikin kwasfarta har turmi. Mota biyu ta zo daga Sakkwato, da Malama da wasu manyan malamai, da waɗansu da ko Hausa ba su ji sosai. Na ga wani mai furfura da gilashi ya karɓi taɓarya yana surfe, matan unguwa na leƙe ta danga suna kashewa da dariya. Ni anka sa a kujera a tsakiya, duk wanda ya zo sai ya rusuna, Malama tana ce musu, "Ga wadda ta koyar da su."

Kwana uku kafin nan Nana ta kwantar da sabuwar kalwa a masakinta. An shirya a buɗe shi da hantsi a gaban kowa, a yi miya da ita nan take. Anka taru a ƙofar ɗaki. Ni daga inda nike zaune hancina ya riga ya gaya mini abin da ke ciki. Nana ta shiga ta sa bayan hannunta a kan rufi. Rifkatu ta duba tsinkenta ta ce a hankali, "Ya fara sauka, Nana, mu buɗe, mutane na jira." Nana ta juyo ta nemi idona. Na ɗauke kai na kalli bango. In ta buɗe a lokacin, ɗanya za ta tarar, rabi kalwa rabi daddawa. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta miƙe ta fito gaban manyan nan ta ce:

"Ku yi haƙuri. Ba ta isa ba. Sai an jira."

Mai gilashin ya ce, "Har yaushe?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Sai ta sauka."

Sai ga malaman jami'a sun koma tabarma sun zauna, cikin zafin bazara, da yunwa, suna jiran kalwa ta ga dama. Rifkatu ta dama musu garin ɗorawa da ruwan randa, tana ba su labarin yadda sunka ruɓar da ta farko, ba ta rage komai ba. Anka yi azahar. Nana ta shiga sau fuɗu tana fitowa. A na biyar na ji iskar ɗakin ta canja, kafin in gama jin ta sai na ji Nana ta ce, "Bismillahi." Ta ɗaga ganye. Tururi ya taso, ƙwayar ta yi duhu ta yi laushi, tana jan zare in an ɗaga. Na rufe fuskata da mayafi.

Tuwon dawa da miyar kuka anka ci. Da anka kawo mini nawa na ɗanɗana, ba tawa ba ce. Akwai ta Hajo a ciki, akwai kuma wani abu da ban san shi ba. Amma can ƙasa, bayan an haɗiye, ɗakin uwata ne a Kebbe. Garba ya ci, ya miƙa kwano anka ƙara masa. Yaran sun fita da sakamako mai kyau, su fuɗun.

Kada ku ce ban biya ba. In ɗorawa ta nuna hannuwana har ƙaiƙayi suke yi. Yara na zuwa ƙofa da kwano, in ce su gaya wa uwarsu Ta-Kebbe ta ajiye. Sunan da na yi shekara hamsin ina amsawa, yanzu a bakin tsofaffi kawai ya rage. Amma ni na saya wa kaina wannan, sau uku ana ba ni dama in yi magana ina yin shiru. Daga yau wanda ya sake ɗora wa Nana laifin nan, bai ji maganata ba, kuma ban yafe a faɗa a bayan raina ba.

Masakin yana ɗakina, don ya fi ko'ina ɗumi, a kife a kan maratayi inda ba na kai hannu. Kowace bazara Nana, da yanzu ita ma koyarwa take yi, na zuwa da sababbin ɗalibai, su kwantar da kalwa kusa da gadona, in yi kwana uku ina jin garken na aiki. Bana ta makara wurin buɗi. Tun da safe na ji zazzaɓin ya sauka, ita tana waje tana nuna wa yara surfe. Na ciji leɓe, na ja carbi, na ƙirga azarar ɗaki. Sai kusan azahar ta shigo ta buɗe, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, don daddawar ta wuce lokacinta. Ta dube ni.

"Kaka, kin sani ko?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Yanzu da kin buɗe ina iya faɗi. Tun kafin hantsi ya yi ta isa buɗewa."

Ta murza ƙwayar a yatsunta. Sannan ta kira ɗaliban nata duka, ta ce kowa ya zo ya shinshina, ya ɗauko biro.